Ranar Da Ruwa Ya Ƙi Wucewa A Kwamin Wanka

Duk wanda ya san garin Jos ya san akwai waɗansu tsofaffin gidaje masu rufin kwano da murhun jin ɗumi a cikin falo, waɗanda ba a cika ganin irinsu a Kano ko Sakkwato ba. Kuza ce ta kawo su. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka hau tsaunin Filato neman wannan ma'adini. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin dogo ya shigo ta Kafanchan. Da harka ta bunƙasa, sai kamfanoni da gwamnati da hukumar jirgin ƙasa suka yi ta gina wa manyan ma'aikatansu gidaje a Jos da Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Garin kuwa yana bisa tudu mai tsawon kimanin ƙafa 4,000, watau mita 1,200, kuma sanyinsa na Disamba da Janairu ba ya bukatar a ba kowa labari. Saboda haka aka sa wa gidajen kwamin wanka, wanda mutum zai cika da ruwan zafi ya shiga ciki.

Turawa sun tafi, kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, gidajen kuma sun daɗe da komawa hannun 'yan ƙasa. An gaji gini, an gaji kwami, amma sanin yadda ake kula da shi bai biyo gadon ba.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, wani malamin makaranta da ya yi ritaya yake zaune da iyalinsa da mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara tamanin. Ba wanda ke kwanciya cikin kwamin gidan. Da bokiti ake wanka a ciki, kamar yadda aka saba. Amma ga Hajiya kwamin ya zama abin dogaro, domin ciwon gwiwa ya hana ta tsuguno. Ana sa mata 'yar kujera a ciki, ta dafa bakinsa ta zauna, surukarta ta miƙa mata ruwan ɗumi.

Da hunturu ya shigo, sai aka lura ruwa ya fara jinkirin wucewa. Da farko yakan ɗauki minti biyar, daga baya rabin sa'a, har wata safiya ya tsaya cik, ya kai idon sawu. Hajiya ta leƙa ta ga ruwan jiya da kumfa a kansa, ta ce ita ba za ta sa ƙafarta cikin wannan ba sa'an nan ta fito ta yi salla. Gaskiyarta ce. Ban da maganar tsarki, ƙasan kwamin ya yi santsi, tsohuwa kuwa in ta zame ta faɗi, ba lalle ƙashi ya sake haɗuwa ba. Kwana uku ana kai mata ruwa bayan ɗaki cikin iskar nan mai ratsa jiki, har tari ya kama ta.

Malam ya kira wani mai gyaran famfo. Ya zo ya ƙwanƙwasa kwamin, ya leƙa baya, ya ce bututun ya ruɓe a ƙarƙashin daɓe, sai an fasa an sa sabo. Kuɗin da ya yanka ya kusa fanshon Malam na wata guda. Babban ɗan gidan kuma ya kawo tasa shawarar, ya ce a samo ruwan batir a zuba, ya ji ana cewa yana cinye kome.

Ana cikin haka sai wani dattijo maƙwabcinsu ya shigo duba Hajiya. Shi wannan dattijo a ƙuruciyarsa ya yi aikin gida wajen wani Baturen kuza a Rayfield, kuma wanke kwami na cikin aikinsa na kullum. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya ce, "Malam, kafin a fasa ƙasa, an ɗaga marfin an duba?" Malam ya ce, "Baba, ai marfin ba ya fita. Mun ja, mun murɗa, ya ƙi." Dattijo ya yi murmushi ya ce a kawo masa ƙaramar sukundireba da filaya da tsumma da 'yar waya, kuma yaron nan mai maganar ruwan batir ya zo ya riƙe masa tocila.

Da farko ya sa aka kwashe ruwan da ya taru da kofi. Sa'an nan ya ɗaga marfin, ya juya shi ya tsaya a buɗe, ya ce wa yaron ya kwantar da kai ya haska ƙarƙashinsa. Can a jikin sandar da ke riƙe da marfin sai ga wani ɗan noti kamar ƙwayar dawa, tsatsa ta rufe shi. Ya ɗiga masa kananzir, ya dakata kaɗan, ya sassauta shi ba tare da ya cire shi gaba ɗaya ba, don kada ya faɗa cikin bututu. Marfi ya zare. Sandar kuma ya naɗe ta da tsumma, ya kama da filaya, ya murɗa ta wajen hagu har ta fito. Ya sa kowane abu cikin kwano bi da bi, yadda za a gane tsarin mayar da su.

A ƙarƙashi akwai waɗansu ƙarafa biyu da suka gitta juna a bakin bututun. Nan cutar take. Ya lanƙwasa kan wayar kamar ƙugiya, ya zura, ya juya, ya jawo a hankali. Sai ga wani baƙin curi ya biyo, tsawonsa ya kai kamu guda: gashi ne da zaren soso da guntayen sabulu da yashi, duk sun dunƙule. Sau huɗu yana zurawa yana jawowa. Daga nan ya cusa jiƙaƙƙen tsumma cikin ramin nan na sama da ke hana kwami ambaliya, don iska kada ta tsere ta can, ya sa aka zuba ruwa kaɗan, ya kifa robar zuƙo ruwa a bakin bututun ya yi ta dannawa. Aka bi da bokiti biyu na ruwan zafi. Ruwa ya yi ƙugi ya wuce. Duka aikin bai kai sa'a guda ba, ba a kuwa kashe ko kwabo ba.

Yana wanke hannu yana yi wa yaron bayani. Marfin kwami iri-iri ne, kowanne da hanyar fitarsa. Na zamanin da, roba ce mai sarƙa, ba ta da wata wahala. Akwai wanda ake takawa da yatsan ƙafa: shi hularsa ake warwarewa, noti yana ƙarƙashinta. Akwai kuma mai ɗan hannu a jikin kwamin, wanda ake ɗagawa a sauke: shi notuna biyu ake kwancewa a jikin farantin sama, a jawo ƙarafansa gaba ɗaya a wanke. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sa son ƙarfi. Wanda ya sa ƙarfi ya cinye zaren noti, ya mayar da aikin minti ashirin na kwana biyu.

Dalilin toshewar kuwa ba boyayye ba ne. Gashi ba ya narkewa a ruwa. In ya maƙale a ƙarafan nan, sai dattin sabulu ya manne masa. A Jos kuma akwai ƙarin dalili: da sanyi mutane kan yawaita shafa basilin da man kaɗanya, man nan ya bi ruwan wanka, ya tarar da bututu mai sanyi ya daskare. In ana ɗebo ruwa daga rijiya, yashi ma ya samu wurin zama. Can ƙasa da bakin akwai inda bututun ya lanƙwashe, kullum da ɗan ruwa a ciki. Da gangan aka yi shi haka, don ruwan ya tare wari da ƙwari kada su dawo cikin ɗaki, amma nan ma datti kan kwanta.

Game da ruwan batir, dattijon bai sassauta ba. Yana cin tsohon ƙarfe, yana ɓata fuskar kwami, in kuma bai wuce ba sai ya tsaya cikin ruwan, ya jira hannun wanda zai zo gyara. Sodar nan mai ƙuna ma haka take, tana iya makantar da mutum in ta fantsama. Wanda ya zuba ruwan batir a kan ruwan bilicin da ake wanke tufafi da shi kuwa, hayaƙi mai guba zai tashi, ga banɗaki ba shi da iska. In bututun roba ne, ko tafasasshen ruwa ma ba a so, mai zafi dai ya isa.

Kafin ya tafi ya zagaya da su bayan ɗaki, ya nuna musu inda bututun ya fito ta bango ya zuba cikin ɗan rami, daga nan ya bi lambatu ya fita titi. Ramin ma cike yake da ganye da leda, aka kwashe. Ya ce da a zamanin duba-gari ne, wannan kaɗai ya isa a ci maigida tara.

Wannan ruwa da ya bar gidan Malam, kwatar unguwa yake shiga, kwatocin tsakiyar gari kuwa kogin Dilimi suke gangarawa. Jos gari ne mai ruwan sama, yakan samu kimanin milimita 1,400 a shekara, ga shi bisa dutse, ruwa ba ya samun wurin nutsewa sai gudu. A watan Yuli na 2012 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutane fiye da talatin suka riga mu gidan gaskiya. Ba za a ɗora wa shara ita kaɗai alhakin wannan masifa ba, domin yawan ruwan da gine-ginen da aka yi a bakin kogi suna da nasu kason. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin gadojin Dilimi da rani ya san abin da ke jiran ruwan damina a can. Yadda gashi ke taruwa sili-sili a bakin bututu, haka leda ke taruwa ɗaya-ɗaya a bakin kwalbati, kuma ba wanda ke kula sai ranar da ruwa ya juyo.

Masu gyaran famfo suna da ranarsu, domin akwai bututun da ya ruɓe da gaske, akwai kuma wanda saiwar itace ta shiga, waɗannan sai mai sana'a. Amma kafin a kai ga guduma, ya kamata maigida ya san abin da ke ƙarƙashin marfinsa. Ɗan rariyar ƙarfe a bakin bututu, da kwashe gashi bayan kowane wanka, da bokitin ruwan zafi sau ɗaya a mako, sun isa su hana abin aukuwa. Dattawan da suka san waɗannan gidaje ciki da waje suna ƙarewa, abin da suka sani kuma ba a rubuce yake ba. Wanda ke da irinsu a maƙwabta ya tura yaransa su riƙe musu tocila tun suna da ƙarfin nunawa.