Daga Benci Zuwa Akwatin Gawa

Da yawanku kun sha jin ƙarar guduma da zarto a bayan majami'a ran Asabar, daidai lokacin da mawaƙa suke koyon waƙa a ciki. Mu ne. Mu goma sha ɗaya ne, maza takwas da mata uku, kuma babu mai cin abinci da kafinta a cikinmu. Akwai ɗalibai, akwai malamar firamare, akwai mai tuƙa Keke Napep, akwai waɗanda suka gama bautar ƙasa suna jiran aiki. Son aikin katako ne ya haɗa mu. Wani dattijon ikkilisiya, wanda ya yi shekaru yana kafinta kafin gwiwa ta zaunar da shi, shi yake koya mana. Baba muke ce masa.

Akwai wani abu kuma da ya haɗa mu wanda ba mu cika faɗa ba: yawancinmu ba mu da muryar waƙa, kuma in aka miƙa mana makirufo sai jiki ya kama rawa. A zumuntar matasa, wanda bai iya waƙa ko wa'azi ko wasan kwaikwayo ba yakan zauna a bencin baya, har wata rana a duba ba a gan shi ba. Biyu cikinmu sun riga sun daina zuwa sujada kafin a fara wannan taro. Fitowa sura 31 ta ƙarfafa mu ƙwarai, domin a can an ce Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa, kuma sassaƙar itace tana cikin abin da aka cika shi dominsa.

Kayan aikinmu na taro ne: zarto biyu, guduma huɗu, kurfi, filen guda ɗaya da muke layi a kansa, sanfefa da gam. Wanda ya ari abu zai rubuta sunansa a littafi, ya dawo da shi a wase. Baba yakan tuna mana da almajirin Elisha wanda bakin gatarinsa ya faɗa Kogin Urdun, babban kukansa kuwa shi ne gatarin na aro ne.

Katako daga Kasuwar Katako ta nan Jos muke saya. Malaina muka fi amfani da ita, don tana da sauƙin kuɗi da sauƙin yanka, ba ta da nauyi. Maɗaci ja ne, mai kyau, mai ƙarko, amma sai aljihu ya yi nauyi. Darasi na farko da Baba ya koya mana shi ne a bar katako ya bushe. Ɗanyen katako yana tsukewa ta faɗinsa yayin da ruwan jikinsa yake fita. In aka haɗa tebur da shi da damina, hunturu na zuwa sai a ga tsaga, ƙofar kabad ta karkace. Saboda haka muna jera falanki a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, nesa da ƙasa saboda gara. Da wannan muka gyara bencina, muka yi kujerun makarantar Lahadi da allo, da sandunan dogarawa ga wani yaro da ya karye.

Har nan kowa yana yabonmu. Gardama ta tashi ne ranar da Baba ya kawo shawara mu riƙa yin akwatin gawa.

Dalilinsa kowa ya sani. Mutum zai yi jinya mai tsawo, kuɗin gida ya ƙare a asibiti, sa'an nan ya rasu. Ga kuɗin ajiye gawa, ga motar kai shi ƙauye, ga abincin masu zaman makoki, ga akwati. Mun ga gwauruwar da ta ci bashi don akwati, tana biya har bayan an share makoki da watanni. Baba ya ce falanki biyar ko shida na malaina da ƙusa da yini ɗaya sun isa a yi akwati mai mutunci.

Ba dukanmu muka yarda nan take ba. Wata cikinmu ta ce mahaifiyarta ba za ta so ta ji 'yarta, wadda ko aure ba ta yi ba, tana haɗa akwatin gawa ba. Wani ya ce ya zo nan ne don ya huta da damuwar mako, me zai kai shi ga tunanin mutuwa? Akwai kuma tsoron da ba a furta ba, irin wanda muka tashi da shi tun muna yara, cewa mai taɓa kayan matattu yana jawo wa kansa wani abu. Mu Kirista ne, muna shaida tashin matattu kowace Lahadi, amma wannan tsoro yana nan kwance a ƙarƙashin shaidar.

Mun ajiye kayan aiki Asabar biyu muna bincike cikin Littafi Mai Tsarki. Abin da ya ba mu mamaki shi ne Littafin Farawa, wanda ya buɗe da halittar sama da ƙasa, ya rufe da akwatin gawa. Aya ta ƙarshe, Farawa 50:26, tana maganar Yusufu da aka sa a akwati a Masar. Kafin ya mutu ya rantsar da 'yan'uwansa su tafi da ƙasusuwansa sa'ad da Allah zai fisshe su. Musa ya ɗauke su a daren fita (Fitowa 13:19), aka yi ta yawo da su shekara 40 a jeji, sai a ƙarshen Littafin Joshuwa aka binne su a Shekem. Wani ne ya auna ya haɗa wannan akwati, ba a faɗi sunansa ba, abin da ya haɗa kuwa ya riƙe alkawari tsara bayan tsara.

Sai Luka sura 7. A ƙofar garin Nayin an fito da gawar saurayi, ɗa tilo na wata gwauruwa. Bisa ga Shari'ar Musa taɓa gawa yana ƙazantar da mutum kwana bakwai, saboda haka mutane sukan ja baya. Yesu ya matso ya sa hannu a kan makarar. Wannan hannu ya san itace, domin a Markus 6:3 mutanen Nazarat da sana'ar sassaƙa suka san shi. Justin Mai Shahada, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 2, ya ce garma da karkiya yake yi. 'Yar'uwar da ta fara ƙi ita ce ta ce, "To Baba, in Ubangiji ya taɓa, mu su wane ne?" Baba ya ce, "'Yata, je ki fara gaya wa mama. In ba ta yarda ba, ki tsaya a kujerun yara, ba wanda zai ga laifinki." Mahaifiyar ta yarda. Mutum biyu kuma har yau ba sa sa hannu a wannan aiki, suna nan tare da mu a sauran ayyuka.

Akwai wata matsala da ta fi tsoro wuyar warwarewa. A cikin ikkilisiyarmu akwai kafintoci da wannan aiki yake ciyar da 'ya'yansu. Mu da muke yi don sha'awa, in muka fara rabawa kyauta ga kowa, mun cire abinci daga bakin ɗan'uwa da sunan alheri. Muka je muka same su. Abin da aka tsayar shi ne ba za mu karɓi aikin kuɗi ba ko kaɗan, kuma dattawan ikkilisiya ne za su nuna mana gidan da ba shi da hali. Ɗaya daga cikin kafintocin ya ba mu aron maƙalai don matse falanki, ya nuna mana yadda ake sa murfi ya zauna daidai.

Zuwa yanzu mun yi uku. Na biyun na yaro ne ɗan shekara tara, ɗan ajin makarantar Lahadi da muka yi wa kujeru. Ranar ba wanda ya yi hira. Baba ya je ya auno da igiya, muka yanka, muka goge kowane gefe da sanfefa ciki da waje, Zumuntar Mata suka shimfiɗa farin yadi a ciki. Kafin a ɗauka muka kewaye shi muka yi addu'a domin iyayen.

Wasu sun ce mu haɗa ɗaya mu ajiye don gaggawa. Dattawa suka ga hakan zai tayar wa mutane hankali, muka bi shawararsu. Falanki kawai muke ajiyewa a bushe, kuma yanzu saura huɗu a rumfa. Wanda Ubangiji ya taɓa zuciyarsa zai iya kawo falanki ɗaya, ko ƙusa mai inci 2 da mai inci 3, ya ba sakataren matasa. Mai son koyo kuma ya zo ran Asabar da ƙarfe tara na safe, da tsofaffin kaya da takalmi rufaffe, don akwai ƙusa a ƙasa.