Tsakanin Jif da Tsohuwar Fijo

Mu da muka tashi a zamanin da Fijo 504 ke mulkin titi, da wuya wata ƙatuwar jif ta gifta mu ba mu kwatanta su a zuci ba.

Gaskiya dai ɗaya ce, jif ta fi ƙarfi. Injinta na juya tayoyi huɗu gaba ɗaya, shi ya sa take keta yashi da taɓo, ga tsawon ƙafa da ke hana cikinta dukan ƙasa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina ya san wannan ba ado ba ne. Ita kuwa Fijo tayoyin baya kawai ke tura ta. Amma kada a raina ta, domin ita ce ta lashe gasar tseren Safari a Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna.

Inda tsohuwar ta yi zarra shi ne wajen gyara. In ta yi tari, bakanike a gindin bishiya zai kwance kafireta ya wanke, kafin la'asar ta tashi. Jif ta yau sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu da dala. Ga shan mai, wanda tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ya zama abin lissafi a kowane gida.

Abin da ya fi damun mu shi ne abin da kowacce ke faɗa game da zamaninta. A ƙarshen shekarun 1970, Fijo ce motar manyan jami'an gwamnati, ita ce ta ma'aikacin da ya samu rancen mota, ita ce kuma ta haya a tasha. Ramin da ya girgiza fasinja shi ne ya girgiza kwamishina, saboda haka kowa ya damu a cike shi. Jif kuwa ta raba mai ita da wannan girgiza. Hanya ta lalace, sai mai hali ya sayi abin tsallake ramuka, ya ɗaga baƙin gilashi, ya bar mai nakuda a bayan babur tana addu'a. Ya magance matsalar kansa, hanyar kuwa tana nan yadda take.

A nan ne muke jan hankalin 'yan uwa marubuta. Mun cika littattafanmu da samari masu jif, kamar motar ce shaidar nagartar jarumi. Idan za mu sa mota a labari, mu nuna hanyar da take bi, da mutanen da take watsa wa ruwan kwata. Can ne labarin yake.

Allah Ya sa mu ga ranar da ƙaramar mota za ta kai mu ƙauyukanmu lafiya.