Jan Biro da Karin Harshen Katsina

Daga cikin ayyukan malamin Hausa, babu wanda ke cin lokaci kamar duba insha'in ɗalibai, kuma babu wanda aka fi yi da gaggawa. Na sha ganin takardar yaro ta koma hannunsa jawur, an ja layi ƙarƙashin kusan kowace kalma, a ƙasa kuma an rubuta "ka ƙara ƙoƙari". Yaron ya fahimci bai yi daidai ba, amma ba a gaya masa inda daidai yake ba.

A ganina, kafin malami ya ɗora biro a kan takarda, wajibi ne ya tantance irin abin da ke gabansa. A nan Katsina yaro zai rubuta "hwara" maimakon "fara", ko "tahi" maimakon "tafi", ko "na ce mishi" maimakon "na ce masa". Wannan Katsinanci ne, harshen da ya tashi da shi a Ƙofar Soro ko Rafindaɗi, kuma da shi kakanninsa suka yi magana. Daidaitacciyar Hausa kuwa an gina ta ne galibi a kan karin Kano, ta hanyar yarjejeniyar masana. Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, aka kafa Hukumar Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, sannan na Yamai a 1980. Idan malami ya soke "tahi" ba tare da bayani ba, abin da yaro zai ɗauka shi ne Hausar gidansu gurɓatacciya ce. Ni dai nakan zagaye kalmar kawai, in rubuta daidaitacciyar a samanta, in kuma faɗa wa aji cewa da ita ake rubuta littattafai da jarrabawa, don Basakkwace da Bazazzagi da mutumin Maraɗi su karanta abu guda.

Inda ba na sassautawa shi ne rabawa da haɗa kalmomi, domin a nan ma'ana ke salwanta. "Ta fi" daban, "tafi" daban. "Akan yi" na nuna abin da aka saba, "a kan tebur" kuwa na nuna wuri. Lamirin suna ba ya manne wa aikatau, saboda haka "ya ce" ake rubutawa, amma 'yar mallaka tana manne wa suna, kamar "gidansa" da "rigarta". Haka nan baƙaƙe masu ƙugiya: wanda ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi ya sauya zancen gaba ɗaya. Rubutun wayar salula ya ƙara dagula wannan, don yara da yawa sun saba da barin ƙugiya tun kafin su iya rubuta wasiƙa.

Kuskuren jinsi, irin su "mota ya lalace", ba kasafai ake samunsa wajen Bakatsine ba. An fi ganinsa a rubutun ɗalibin da ya koyi Hausa daga baya, kuma magani nasa shi ne yawan atisaye.

Ɗalibi malami da ya je koyarwar gwaji zai iya tarar da aji mai yara fiye da yadda ya zata, don haka gyara komai a kowace takarda ba zai yiwu ba. Abin da nake yi shi ne in zaɓi kuskure biyu da suka fi yawa a makon, in rubuta jimlolin a allo ba tare da sunan mai su ba, aji ya gyara da kansa. A ƙasan takarda kuma nakan fara da ambaton jimla ɗaya da ta yi kyau, sannan in nemi yaron ya sake rubuta sakin layi guda, ya kawo mini ranar Litinin.