Tsohon da ya riƙe sunayen 'yan kuza

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Bagudo ba, kuma ba a haƙar kuza a yankinmu. Duk da haka a Matsinkai na fara jin tarihin 'yan kuza, daga bakin ƙanen kakana, Allah ya jiƙansa, wanda ɗiban gwamna ya rutsa da shi yana saurayi.

A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa, sai Turawa suka matsa wa Jos. Aka yanka wa sarakuna adadin mutanen da za su kawo, har daga lardin Sakkwato. Tsohon ya ce sun haye Kwara, suka taka har Gusau, nan ya fara ganin dogo. A Zariya aka zuba su cikin ƙaramin jirgin da ke hawa tudun Jos, layin da aka rufe a 1957. Sanyin Bukuru ne bai taɓa barin bakinsa ba: mutumin bakin kogi da 'yar taguwa ɗaya, kwano a ka, ƙafa cikin ruwa tun asuba. Ciwon ƙirji ya kwashe da yawa.

Da ya dawo sai ya rubuta da ajami sunan duk wanda suka tafi tare, da garinsa, da ko ya dawo ko can aka binne shi. Na sha ganin magidanta daga Illo da Ka'oje durƙushe a zaurensa, suna neman labarin uban da ba su sani ba.

A wurinsa na koyi tambayar tsoho. Yakan ce, "Jikana, in ka ce a ba ka labari, abin da kowa ya sani za ka samu. Tambayi suna, tambayi hanya, tambayi abin da aka ci." Kuma ba ya gama gani da ji. In ba a gabansa aka yi abu ba, sai ya faɗi wanda ya gaya masa. Wannan amanar ta sa na yarda da shi tun kafin in karanta littafin Bill Freund na 1981 kan leburorin kuza, in tarar da sanyin nan da cutar nan a ciki.

Gara ta fara taɓa takardunsa. Mun kwafe su da boko, kuma da sauran sunayen da har yanzu muke bin ƙauyukan bakin iyakar Benin muna cigiyar danginsu.