Ranar da Aka Kwance Buhu a Ƙofar Dagaci

Kwanan baya wani malaminmu ya ba mu labari a aji cewa a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan, tun daga 1989 ake yin wani biki kowace shekara, inda masana kimiyya kan fito daga ɗakunan bincikensu su baje abin da suka gano, jama'ar gari kuma su zo su gani, su taɓa, su yi tambaya. Ya rufe da cewa mu a nan ba mu da irin wannan. Na yi shiru, don ba a ja da malami a gaban aji. Amma fa ni na taɓa halartar irinsa a ƙauyenmu na ƙasar Ungogo, kusa da Fanisau, ko da yake ba wanda ya kira shi biki.

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san halin wake. Da kaka arha ne, da bazara kuwa sai mai kuɗi. Abin da ke tsakanin kaka da bazara shi ne ƙwaro, wanda kan biyo waken tun daga gona, ya yi ta haihuwa cikin buhu, kafin wata uku a tarar ya huda shi ya mai da shi gari. Saboda haka manomi ko dai ya kai Dawanau ya karyar, ko ya jefa ƙwayar magani a buhun, iyali su yi ta ci da fargaba.

A kakar 2009, ina ɗan makarantar firamare, malamin gona ya zo garinmu da waɗansu masu bincike biyu, suna ɗauke da wani buhu mai leda biyu masu kauri a ciki. Suka ce ba ya bukatar magani. Mutane suka yi dariya. Aka nemi wanda zai ba da wakensa a gwada, mahaifina ya ba da buhu ɗaya cikin ukun da muka samu a shekarar. Da labari ya shiga gida Inna ta ce, "Malam, da kuɗin sallar yaran nan za a yi gwaji?" Bai tanka mata ba.

Aka hura ledojin a ga ko akwai huda, aka zuba wake, aka matse iska, aka murɗe bakin kowace leda aka ɗaure ta daban, sa'an nan aka ɗaure buhun waje. Aka kuma zuba 'yan mudu kaɗan a buhu irin wanda aka saba, don a kwatanta. Ni aka miƙa wa alƙalami na rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane buhu, na kwana ina taƙama. Wata biyar buhun nan yana jingine a ɗakin Baba, kullum sai na kara kunne ko zan ji motsi.

Ranar kwancewa gari ya taru a ƙofar dagaci, har da mutanen ƙauyukan maƙwabta, tsofaffin mata kuma suka zauna daga gefe. Aka fara da buhun da aka saba, ƙwari suka tashi, wari ya bugi na kusa. Aka kwance namu, Baba ya tura hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga ƙasa, ya watsa a faifai. Wake fes, kamar jiya aka sheƙe shi. Gani ya kori ji. Na wani maƙwabcinmu kuwa ya lalace, don ɓera ya huda ledar, masu binciken ba su ɓoye ba, suka ɗaga hudar kowa ya gani.

Can sai Baba ya ce, "Malam, in babu magani, me ya kashe ƙwaron?" Ɗayansu ya ce, "Baba, ai shi ma numfashi yake yi. In aka toshe, sai ya shanye iskar da ke ciki, ya daina ci, ya bushe ya mutu." Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce su tun suna amare da toka suke adana waken iri a tulu. Na zaci za a share ta. Sai mutumin ya je ya tsuguna gabanta ya ce, "Iya, toka nawa, wake nawa?" Ta ce mudu da mudu, a tankaɗe tokar, a danna sosai. Ya rubuta, ya kuma gaya wa taro cewa masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da suka fara gwada wannan buhu a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980 sun gwada dabarar toka ita ma, daga manoma suka koye ta. Wannan tsugunon ya fi tsaya mini a rai fiye da waken.

Bayan shekaru, a ɗakin karatu na jami'a, na ci karo da rahoton da Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar a 1965, kuma a kan gundumar Ungogo aka yi shi. Watau kakanninmu ne a ciki. Mortimore ya shafe shekaru yana bayyana wa duniya yadda mutanen kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasa kuma ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi, da itatuwan da ake bari a gona, da jakunan da kan kai itace birni su komo da shara da toka. Masana a Ingila da Amurka sun san wannan. Mahaifina bai taɓa jin an yi ba, domin da Turanci aka rubuta, kuma ba a ƙofar dagaci aka karanta ba.

A gani na, 'yan'uwa, nan ne aikin Ƙungiyar Hausa yake. Gonar binciken IITA tana Minjibir, maƙwabciyarmu, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa tun 2012. Masana ba su yi nisa ba. Abin da ake nema shi ne inuwa, da tabarma, da wanda zai iya faɗin "iskar da ake shaƙa ta ƙare" ba tare da ya tsere cikin Turanci ba.

Da na je hutu na fassara wa Baba abin da na karanta. Ya saurara, ya ce maganar jaki ta wuce, yanzu mota ke kawo shara, rabinta leda ce, gonakin wajen Rijiyar Zaki kuma an yanka su filaye. Ya ce in je in gaya wa mai littafin ya gyara. Na ce ai ya rasu tun 2017. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, kai ɗauko takarda."