Wasiƙa daga Lids zuwa Wusasa

Baba,

  Mu nan sai godiya, sai dai sanyi, ga rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu bai yi ba.

Mama ta ce mini ranar godiya an miƙe a majami'a an ce Allah ya zaɓe ni cikin 'ya'yanku ya kai ni Ingila. Na san da zuciya ɗaya aka faɗa. Amma Yaya yana zaune a wurin, shi da ya nemi biza bai samu ba, shi ya sa maganar ta ƙi kwanta mini.

Ga irin zaɓen da aka yi mini. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi, don ma'aikata sun yi musu ƙaranci. Aka duba takarduna, aka gwada Turancina, aka ɗauki hoton ƙirjina ko ina da tarin fuka. An ɗauke ni ne don ina da ƙarfin tayar da tsohuwa daga gado. A Maris 2024 kuma aka ce sababbin zuwa wannan aiki ba za su ƙara tahowa da miji ko mata ko 'ya'ya ba. Ba ƙorafi nake ba, ƙasarsu ce. Sai dai wanda ya zaɓe ka don amfaninka, ranar da amfanin ya ƙare ya gama da kai.

Mutanen nan ba abin da suke girmamawa kamar a bar kowa da zaɓinsa. Akwai alheri a ciki: ba wanda ya tambayi addinina kafin ya ba ni aiki ko hayar ɗaki, kuma 'yar jihar Kaduna ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma har Allah sun sa a cikin kayan zaɓi. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni yaushe na zaɓi zama Kirista, sai ka ce layin waya, in bai yi maka ba ka sake wani. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin 100 ne kawai a Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karo na farko da aka gaza rabi. Ƙasar ce kuma ta naɗa minista kan matsalar kaɗaici a 2018. Mutumin da shi ya zaɓar wa kansa komai, in ya faɗi wa zai biyo sawunsa?

Littafi Mai Tsarki kuwa ta ɗaya gefen yake fara labari. A Maimaitawar Shari'a 7 Musa ya tuna wa Isra'ilawa ba yawansu ya sa aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta. Ni dai Hajaratu ce ta fi tsaya mini a rai tun zuwana. Baiwa ce, baƙuwa daga Masar, an yi amfani da ita don a sami ɗa, sannan aka matsa mata har ta gudu. Ba a ce ta yi addu'a ba. Mala'ikan Ubangiji ne ya iske ta a bakin maɓuɓɓuga a hanyar Shur, ya kira ta da sunanta, alhali a Farawa 16 Ibrahim da Saratu in suna maganarta baiwa kawai suke cewa.

Ko tarihin garinmu haka ya nuna. Isawa sun riƙe sunan Isa tun kafin Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna a Zariya a 1905. Da suka tare a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa cikinsu. In da sauƙin rayuwa ne alamar zaɓaɓɓe, me za mu ce da su?

Inda nake aiki akwai wata tsohuwa da mantuwa ta ci har ba ta gane 'ya'yanta. An ce shekara da shekaru tana cikin mawaƙan coci. Yanzu ko kalar shayi ba ta iya zaɓa. In da a hannunta bangaskiyarta take, da tuni ta zube tare da sunayen 'ya'yan. Na gaskata wanda ya fara kama ta bai sake ta ba, don haka ba na yi mata wanka da gaggawa.

Abin da ke ba ni haushi, a wasu coci-cocin 'yan Afirka a nan, in an tashi ba da shaida sai takardar zama da sabuwar mota. Wanda takardunsa suka maƙale sai ya sunkuyar da kai, sannu a hankali ya daina zuwa. Ba na so wannan ciwo ya iso majami'armu ta dalilina. Ku dattijo ne, Baba, in kun yi wa Rabaran magana a gefe zai ji.

Kuɗin taki yana tafe ƙarshen wata. In an sami mai zuwa, a aiko mini da Littafin Waƙoƙi, nawa ya yayyage. A gaishe da Zumuntar Mata.

'Yarku