Tafiyata Shika da ɗan tsako a kwali

Shika ba ta da nisa da Samaru, inda nake zaune nake kuma koyarwa. Na ratsa ta ya fi a ƙirga a kan hanyar Funtuwa, amma ban taɓa zuwa takanas ba sai a kakar bana, kuma ɗan tsako ne ya kai ni.

Mahaifiyata ta sayar da akuyarta ta sayi 'yan tsaki 20 a hannun wani mai yawo da su a kwali bisa babur. Ya ce mata kajin Shika ne masu ƙwai, nan da wata biyar za ta riƙa tsinta kullum. Inna ta gama lissafinta: kuɗin ƙwan ne zai riƙe makarantar marayun jikokinta biyu da ke hannunta. Da tsakin suka kai mako shida sai maƙwabta suka rabu biyu. Wasu suka ce maja ne, wasu suka ce burela ne da ba su ƙoshi ba. Sai ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai da ake ce wa Dakta, duba mini, waɗanne iri ne?" Na juya ɗan tsakon sama da ƙasa, na tarar digirina uku ba su da abin cewa. Kashegari na sa ɗaya a kwali na kama hanya.

Da mutum ya baro ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, hayaniyar Samaru takan ragu, gonakin masara da dawa su buɗe dama da hagu. Masara ta riga ta bushe a tsaye, iska kuma ta fara ɗauko ƙurar da ke sanar da hunturu. Yawancin jama'a asibitin koyarwa suka san Shika da shi, shi ya sa in an ce an kai wane Shika gaban dangi yakan faɗi. Amma tun kafin asibitin, wurin gidan dabbobi ne. A 1928 aka kafa gonar kiwon shanu a can, ita ce ta girma ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a 1976, ƙarƙashin jami'ar. A wannan cibiya masana suka shafe shekaru suna zaɓen iri har suka fitar da kazar nan ja mai ƙwai, mai jure zafin ƙasarmu, wadda ake kira Shika Brown. Sunanta mai babur ya ara ya sayar wa Inna hajarsa.

Wani abokina tun na sakandare, wanda ya yi karatun kiwo, shi ya tarbe ni. Ba mu shiga ofis ba, gindin wata bishiyar darbejiya muka zauna, shanu farare suna kiwo a bayan waya. Ya ɗaga ɗan tsakon ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa ƙirjinsa, ya buɗe fiffike, ya duba ƙafa. Ya ce burela a mako shida ta kusa isa yanka, ƙirjinta faffaɗa, ƙafafunta kakkaura, ba ta son motsi. Wannan kuwa siriri ne, dogo, sai zillo yake yi. Maja, wato irin su Noiler da ake kiwo don nama da ƙwai a haɗe, launinsu barkatai ne, wani ja, wani baƙi, wani wake-wake, kuma ƙashinsu ya fi wannan kauri. Sai ya tambaye ni launin sauran 19 ɗin. Na ce duk farare ne, da ɗan ɗigon ja a kafaɗa. Ya nuna mini zankon da ya riga ya tasa ya yi ja, alhali na mace a wannan lokaci ƙarami ne, fari-fari.

Bayanin da ya biyo baya bai yi mini daɗi ba. A yawancin jajayen kajin ƙwai na gidan gona, tun ranar ƙyanƙyasa ake gane jinsi da launi: mata jajaye, maza farare. Matan su ne masu tsada. Mazan ba su da amfani ga mai neman ƙwai, don haka ake karyar da su, su bi kwalaye su shiga unguwanni da ƙauyuka. Zakaru 20 Inna ta saya. Ya ƙara da cewa ido yana iya gane jinsi da rukuni, amma ainihin sunan iri sai takardar wurin ƙyanƙyasa. Duk wanda ya ce maka kazarsa ta Shika ce, ka tambaye shi inda ya ɗauko ta da ranar da aka ƙyanƙyashe ta da allurar da aka yi mata.

Kafin in juyo na ƙarasa kasuwar Giwa, na tsaya layin 'yan kaji. A nan na ga abin da na daɗe ina kallo ban lura ba. Ga durgu mai gajerun ƙafafu, ga mai tukku, ga mai saɓulallen wuya da ba ta damu da zafi ba, ga mai birkitaccen gashi, ga dogayen kajin Fulani da suka fi na cikin gari jiki. Dillalai suna rarrabe su da kallo ɗaya. Mu 'yan boko mun san bunaji da rahaji da bokolo a shanu, mun san balami da uda da 'yankasa a tumaki, amma kaji duk mun tara su a suna ɗaya, wai kazar gida, kamar abin da bai isa a tsaya a kansa ba.

Gaskiya ne kazar gida ba ta da yawan ƙwai. Abin da take yi a shekara bai fi 40 zuwa 60 ba, alhali ta gidan gona tana haura 250. Sai dai ta gona tana buƙatar abincin buhu da magani da ɗaki, kuma da wuya ta kwanta a kan ƙwai, don haka idan ta tsufa sai an sake komawa kasuwa. Ta gida kuwa dusa da gara da tsintar tsakar gida sun ishe ta. Takan kwanta kwana 21 ta fito da 'ya'yanta, ta tsare su daga shirwa. Ga tsohuwar da ba ta da jari, wannan ita ce dukiyar da ke haifar kanta. Babbar abokiyar gabarta ita ce annobar da ke share akurki a lokacin hunturu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin rigakafinta. Matsalar ita ce isar rigakafin ƙauye. Mai babur yana isa ƙofar Inna, malamin dabbobi ba ya isa. Sunan Shika ya riga kajin Shika zuwa gidajen talakawa, kuma a wannan tazarar ce macuta suke cin abinci. Da cibiyoyinmu da ma'aikatun gona na jihohi za su ajiye sanannun wakilai a kasuwanni irin na Giwa, da ƙaryar ta ragu.

Na iso gida bayan la'asar ina neman yadda zan fara. Inna ta saurare ni har na gama, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ai zakara ma kuɗi ne." Muka sake lissafi. Zakarun za su kai wata huɗu zuwa biyar kafin su yi kuɗi, na ɗauki nauyin rigakafi da dusa, kuɗin makarantar zangon nan kuma ya dawo wuyana. Da zan fita na hango ta duƙe a bakin akurki, tana jera ƙwai 10 a ƙarƙashin tsohuwar kazarta wake-wake, wadda ban taɓa tambayar irinta ba.